Yadda za ka samu likitan ƙashi da inshorar lafiyarka za ta biya

Damina biyu kenan da suka wuce santsi ya kwashi uwargidana a bakin famfo, kafin in fito daga ɗaki idon sawunta ya juye, ƙafar ta kumbura suntum kamar an hura, ko taɓawa ba ta bari a yi. A ruɗen nan ban tsaya tunanin komai ba, na sa ta a mota sai wani asibitin kuɗi da na san ana aikin ƙashi, a raina ina cewa ai muna da inshora, duk wata ana cire mun a albashi, in ya so daga baya a mayar mun da kuɗina. Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi biyu ne suka karye sai an sa ƙarfe, na biya, aka yi aiki, Alhamdulillahi ta taka. Da na kwashi rasit ɗina na je ofishin inshorar neman haƙƙina sai matar da ke teburin ta dube ni ta ce "Malam, ina lambar izinin?" Na ce wace lamba kuma. Ta ce to ai nan gizo ke saƙar, ba lamba ba biya, kuma ma asibitin da kuka je ba ya cikin waɗanda muke hulɗa da su. Wlh kuɗin nan ya fi albashina na wata biyu kuma har yau ko sisi bai dawo ba. Tun daga nan na sa kaina sai na gane yadda abin yake tafiya, kuma na raka mutane da yawa, ƴan uwa da abokan aiki, shi ya sa nake son in faɗa maka yadda ake bi tun kafin ta same ka.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai, a Najeriya inshora ba sunan likita take bi ba, asibiti take bi. Za ka ji ana cewa wane ƙwararre ne, hannunsa da kyau, je ka wajensa, to gaskiya ne, amma likitan nan ɗaya zai iya ganinka ranar Talata a asibitin gwamnati inshora ta biya, ranar Asabar kuma ya gan ka a wani asibitin kuɗi da yake leƙawa ka biya da aljihunka har da kuɗin zuwansa. Saboda haka tambayar "wane likita ne ya iya" ita ce ta biyu. Ta farko ita ce, a wane asibiti ne inshorata ta yarda a yi mun aikin ƙashi, sannan a cikin likitocin da ke wannan asibitin wa ya dace da matsalata.

Toh sai ka fara da sanin wace iri ce inshorar taka, don mutane da yawa katin na aljihunsu amma ba su san komai a kansa ba. In kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kana ƙarƙashin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda a da muke ce wa NHIS, an fara aiki da tsarin a 2005, sai a 2022 aka yi sabuwar doka aka sauya mata suna. In ma'aikacin jiha ne kai akwai hukumar jiharku, a Kano ita ce KSCHMA da ake ce wa taimakekeniyar lafiya, a Kaduna KADCHMA, sauran jihohi ma kowa da tasa. Akwai kuma masu sana'ar kansu da suka sayi GIFSHIP, wato tsarin NHIA da mutum ke saya wa kansa ko iyalinsa, sai ma'aikatan banki da kamfanoni da aka saya musu ta ƴan kasuwa kai tsaye. Duk sunansu inshorar lafiya amma ƙa'idojinsu ba ɗaya ba ne, abin da aka yi wa maƙwabcinka kyauta kai za a iya cewa ka kawo rabi. Ka ɗauko katin ko takardar rajistar ka nemo abu uku, lambarka, sunan kamfanin HMO ɗinka (su ne ƴan tsakiya da ke biyan asibiti a madadinka), da sunan asibitin da ka zaɓa ranar rajista. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa iyalinka, don ranar da aka karye ba ranar neman kati a ƙasan akwati ba ce.

Ka kuma tabbatar wanda ya ji ciwon yana cikin rajistar. A tsarin ma'aikatan tarayya abin da aka sani shi ne kai, da mata ɗaya ko miji, da ƴaƴa huɗu na cikinka ƴan ƙasa da shekara 18. Hajiya da Baba ba sa ciki sai in ka ƙara su daban ka biya musu, haka mata ta biyu, haka yaro na biyar, haka ɗan riƙo. Wannan yana ba ni tausayi sosai don tsofaffi su ne suka fi karyewa a ƙugu, faɗuwa kaɗan a banɗaki shikenan, sai a zo asibiti da katin ɗa a ce ai Baba ba ya ciki. Kuma don Allah kar ka yi dabarar kai mara lafiya da sunan wani, bayan haramcin abin, fayil ɗin wani da jinin wani da shekarun wani a ɗakin tiyata haɗari ne. In kana da tsoho a gida ka yi masa rajista tun yana takawa da ƙafarsa, saboda sabuwar rajista ba ta fara aiki nan take, akwai lokacin jira.

Yanzu ga hanyar kanta. Asibitin da ka zaɓa ranar rajista, komai ƙanƙantarsa, shi ne ƙofarka, ta nan ake shiga. Dalili kuwa yadda kuɗin ke yawo ne, shi wannan asibitin duk wata ana ba shi wani abu a kan kowane mutum da ke rajista da shi ko ka je ko ba ka je ba, da wannan yake maganin zazzaɓi da ƙananan abubuwa. Amma ganin likitan ƙashi da tiyata mataki na biyu ne, wannan kuma aiki-aiki ake biya, HMO ce ke zaro kuɗin daga wajenta, shi ya sa take cewa sai da saninta. Sanin nata shi ne lambar izinin nan, wadda a asibiti za ka ji suna ce mata kod. Kenan ka je asibitinka, likita ya duba ka ya rubuta takardar turawa, mai teburin inshora na asibitin ya tura wa HMO, su kuma su bayar da kod, sai ka ɗauki takarda da kod ka nufi inda aka tura ka. Ko da babban asibitin koyarwa ne ka zaɓa a matsayin asibitinka na farko, ba za ka wuce sashen ƙashi kai tsaye ba, sai ka bi ta asibitin ƴan inshora na cikinsa sun nemo maka kod ɗin, gini ɗaya ne amma a lissafi mataki biyu ne.

A wajen likitan farko kar ka yi kara, ka faɗi ciwon yadda yake. Mu Hausawa muna da wannan halin na "da sauƙi" ko mutum bai yi barci ba kwana uku, to in ka ce da sauƙi za a ba ka maganin ciwon jiki a ce ka dawo bayan sati biyu. Ka ce tun yaushe, ka ce ba ka iya durƙuso a sallah, ka ce ƙafar tana mutuwa ba ka jin ta, ka ce ka sha magani wata uku ba canji, sannan ka ce a fili, "Likita, don Allah ina so a tura ni wajen likitan ƙashi." Haƙƙinka ne ka nema. Ka kuma duba abin da ya rubuta, takardar da ta ce ciwon ƙafa kawai ba ta da ƙarfin wadda ta ce karaya a wuri kaza, hoto ya nuna kaza, don ita mai ba da kod ɗin ba ta ganka ba, takardar kawai take gani.

Maganar jiran kod, nan ne ake wahalar da mutane, za ka ga mutum da karyayyen hannu a rataye zaune a benci tun safe ana cewa ba su turo ba. Tun watan Afrilun 2025 hukumar NHIA ta ba da umarnin cewa HMO ta ba da amsa cikin awa ɗaya da neman izini, in kuma ta ƙi ta faɗi dalili. Ka riƙe wannan. Abin da nake yi, da zarar mai teburi ya ce ya tura sai in tambaye shi ƙarfe nawa ya tura in rubuta, sannan in kira HMO ɗin da kaina ta lambar da ke jikin kati, in ba su lambata, in ce asibiti kaza sun nemi izini tun ƙarfe kaza, in tambayi sunan wanda nake magana da shi. Sau da yawa a nan za ka gane ashe ba a ma tura ba, ko an tura babu hoton takardar, ko an yi kuskuren lamba ɗaya. Ka yi magana da ladabi amma kar ka tashi daga wajen, mai teburin nan in ka girmama shi ka san sunansa zai yi maka amfani har ƙarshen jinyar.

In gaggawa ce fa, wannan daban ne kuma a nan ne ni na yi rabin daidai rabin kuskure. Haɗarin mota ko mashin, ƙashi ya huda fata ya fito, jini na zuba, ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu ba ya ji, an bugu a wuya ko gadon baya, duk waɗannan ba a jiran kod, asibiti mafi kusa da zai iya za a nufa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, kuma a ƙa'idar NHIA ana fara aiki ne sannan a nemi kod ɗin cikin awa 48. Abin da ban yi ba shi ne tun a mota in kira HMO in ce ga abin da ya faru wane asibitinku ne mafi kusa, kuma da muka isa ban ce mu ƴan inshora ba ne, na buɗe fayil irin na mai biya da kansa. Da zarar ka buɗe wannan fayil ɗin ka fara biya, mayar da shi na inshora sai an sha fama. Kenan tun a wajen yankar kati ka faɗa, ka nuna kati, wani ɗan uwa ya kira HMO a ranar, in kuma asibitin da aka fara kai ku ba ya cikin tsarin to a tsayar da jini a ɗaure ƙafar a rage zafi, sannan a nemi a mayar da ku inda inshora ke biya kafin a shiga babban aiki, matuƙar likita ya ce ɗaukar mara lafiyar ba haɗari.

Sai zaɓen inda za a tura ka, kuma kana da baki a ciki, ba dole ba ne ka karɓi duk inda aka ce. Ka ce wa HMO su ba ka sunayen asibitocin da aka tantance don aikin ƙashi a garinku ko kusa. Ka lura da wannan kalmar, don asibiti zai iya kafa allo a ƙofa cewa yana karɓar NHIA alhali tantancewar tasa ta matakin farko ce kawai, ko ta haihuwa da ido, ba ta ƙashi ba. Mu a Arewa babban gidan wannan aikin shi ne Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tun 1959 yake, cikin ƴan uwansa akwai na Igbobi a Legas da na Inugu, kuma har daga Nijar ana zuwa. Bayan shi asibitocin koyarwa duk suna da sashen ƙashi, na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Bauchi, na Gombe, na Katsina, na Jos. Kafin ka ɗauki mara lafiya a mota ka tura wani ko ka je da kanka teburin inshora na can ka yi tambaya ƙwaya ɗaya, "kuna karɓar ƴan HMO kaza a yanzu?" Kalmar a yanzu ɗin ce mai muhimmanci, saboda akan samu asibiti ya dakatar da wani kamfani don bashi ya taru, sunan asibitin na nan a jerin da aka ba ka amma in ka je a ce sai dai ka biya. Ka kuma tambayi ranar da likitocin ƙashi ke ganin marasa lafiya, ba kullum ba ne, kowane rukuni da ranarsa, kar ka taso daga Gumel ko Funtuwa da asuba a ce sai Alhamis.

Shi kuma likitan, ya za ka san na gaske ne. Ba duk mai farar riga a sashen ƙashi ne likitan tiyata ba, akwai mai naɗa filasta, akwai mai gashin ƙashi, akwai likitocin da ke kan koyon ƙwarewa, duk suna da amfani kuma da su ake aikin, amma wanda alhakinka ke wuyansa shi ne babban likita, kwansaltan. Shi ne wanda bayan digirin likita ya ƙara shekaru yana horo har ya ci jarrabawar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙwarewa ta ƙasa, shi ya sa za ka ga haruffa irin su FWACS a bayan sunansa, kuma dole ya kasance da rajistar hukumar MDCN mai ba likitoci lasisin aiki. A asibitin gwamnati wannan ba ya cika zama damuwa, ka dai tambaya a ƙarƙashin wane kwansaltan aka sa ka ka riƙe sunansa. A asibitin kuɗi kuwa ka tambaya kai tsaye wa zai yi aikin, zaune yake a nan ko zuwa yake, in da daddare ciwo ya tashi wa za a kira. Ba rashin kunya ba ne, ƙafarka ce.

Su ma likitocin ƙashin kowa da inda ya fi ƙarfi. Karaya ta yau da kullum kusan kowannensu zai yi. Amma canjin gwiwa ko ƙugu, wanda tsofaffi masu amosanin gaɓɓai da kuma masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya lalace ke buƙata, akwai waɗanda shi ne aikinsu. Gadon baya akwai nasa, wani lokacin ma likitan ƙwaƙwalwa da laka za a tura ka. Yara akwai nasu, jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe yawanci da filasta ake miƙar da ita sati-sati in an kawo shi da wuri, ba sai an kai ga babban yanka ba. In ka san naka wanne ne sai ka tambayi nas-nas ɗin sashen, su ne suka san wanda ke yin irin aikin kullum, ka tambayi wanda aka taɓa yi wa yana zaune a layi tare da kai, zaman layin nan makaranta ne wlh. Kuma ba duk wanda ya ga likitan ƙashi ake yankawa ba, da yawa magani ne da gashi da rage ƙiba, in aka ce maka sai tiyata kuma ba gaggawa ba ce hankalinka bai kwanta ba kana iya neman wani likitan ya sake dubawa, sai dai shi ma ka nemi kod ɗinsa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, maganar ƙarfe. A aikin ƙashi sau da yawa ba hannun likita ne mai tsada ba, abin da za a sa a jiki ne, faranti da kusoshi, sandar da ake zurawa cikin ƙashi, ƙugun roba da ƙarfe, gwiwar da za a canja, kusan duk daga waje ake shigo da su kuma farashinsu dala yake bi. To kod ɗin da aka ba ka na ganin likita daban, na tiyata daban, kuma amincewa da tiyata ba ya nufin an amince da ƙarfen. Na ga wani bawan Allah an kwantar da ɗansa an hana shi abinci tun dare don za a shiga da shi da safe, sai da gari ya waye aka miƙo masa ƴar takarda wai ya je ya sayo ƙarfe, mutumin nan ya tsaya a baranda da takardar a hannu yana kiran ƴan uwa ɗaya bayan ɗaya muryarsa na rawa, a ƙarshe aka ɗaga aikin. Kar ka bari ta kai ka nan. Ranar da likita ya ce sai an yi aiki, a ranar ka ce ya rubuta maka sunan aikin da irin ƙarfen da za a sa, ka kai teburin inshora, ka kira HMO, ka yi musu tambayoyin nan ɗaya-ɗaya, aikin kun biya, ƙarfen fa, duka ko wani kaso, kuɗin sa barci, gado kwana nawa, jini, hoto, magani, gashi sau nawa. Ka ce su turo maka amsar a rubuce ko ta saƙon waya ce, maganar baki ba ta zama hujja ranar sallama.

Akwai abubuwan da tun farko ka sa a ranka za ka taɓa aljihu. A tsarin ma'aikata na NHIA kana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, manyan hotuna irin su MRI da CT kuma an saba raba kuɗin ne tsakaninka da su, ba duka suke ɗauka ba. Gado na ɗakin kowa da kowa ne, in kana son ɗaki kai kaɗai cikon naka ne. Jini yawanci za a ce ku kawo masu bayarwa, gara ka shirya mutum biyu uku tun da wuri. Sandar dogarawa da keke ka tambaya, kar ka ɗauka. Masu inshorar kamfani ku kuma ku nemi takardar tsarinku ku karanta, akwai iyakar kuɗin tiyata a shekara, akwai rukunin asibitocin da matakinku ya kai, wasu kuma ba sa ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi sai bayan wani lokaci. In kuma a wajen aiki ka ji ciwon, inji ya kama hannu ko ka faɗo daga gini, wannan yana da tasa hanyar ta NSITF, asusun da ke biyan ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki, ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ka sanar da wajen aikinka a rubuce da wuri don inshorar lafiya za ta iya cewa ba nata ba ne.

Bari in taɓo maganar ɗori tunda na san tana ranka, ni ma ranar da abin ya faru kafin mu fita Hajiya ta ce "a kira mai ɗori mana, ai gado ne a gidansu." Ba na zagin kowa, kuma na san abin da ke kai mutane can, sauƙin kuɗi ne da tsoron a ce za a yanke, ga kuma wannan jeka-ka-dawo na takardu. Amma abin da likitocin ƙashi ke kuka da shi kullum shi ne ɗaurin da aka tamke da karare a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya daina zuwa, kwana kaɗan hannu ya yi baƙi, sai a kawo asibiti lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa, sannan a ce ai asibiti yanke ƙafa suke. Yaro da ya karye a gwiwar hannu shi ya fi shiga wannan haɗarin. Kai da ake cire maka kuɗi duk wata, hoton ƙashi da filasta suna cikin abin da ka riga ka biya, ka je a ɗauki hoton a ga yadda karayar take tukuna. Ko filastar asibiti ce ma, in ka ga yatsu sun kumbura sun yi sanyi ko sun canja launi, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, a daren za ka koma ba sai ranar da aka ba ka ba.

Bayan an yi aiki an sallame ku kar ka ɗauka an gama da takardu. Dawowa ganin likita, sabon hoto, cire zare, gashin ƙashi, kowanne za a iya cewa sai da kod, kuma kod ɗin yana da wa'adi, saboda haka kwana biyu uku kafin ranar komawa ka leƙa asibitinka na farko ka sabunta, kar ka bari sai ka zo layi. Gashin nan kar ka yi wasa da shi, aiki zai yi kyau amma gaɓa ta sandare saboda an daina zuwa, ka tambayi sau nawa aka amince maka, in ya ƙare likita ya rubuta a ƙara. In kuma irin ƙarfen da ake cirewa ne bayan shekara ɗaya ko biyu, wannan sabuwar tiyata ce da sabon izini, ka tabbatar rajistarka na raye a lokacin, musamman mai shirin ritaya ko barin aiki ko mai GIFSHIP da ake sabuntawa duk shekara, ko yaron da ya kusa cika 18.

Ka samu jaka ɗaya ta roba mai zif ka zuba komai, takardar turawa, kod da ranar da aka bayar, hotunan ƙashi, takardar sallama, duk rasit komai ƙanƙantarsa, kuma duk takardar da za ka miƙa ka yi mata hoto ko fotokwafi kafin ta bar hannunka. In aka ce ka biya abin da kake ganin yana cikin inshora, kar ka yi faɗa da mai karɓar kuɗi ba shi ya kafa dokar ba, ka kira HMO a gabansa, in dole ce ta sa ka biya don kar a ɗaga aiki to ka sa su faɗa maka a rubuce cewa za su mayar, ka karɓi rasit mai hatimi da sunan mara lafiya. In sun ƙi kod ba dalili, ko sun yi shiru, ko asibiti ya karɓi kuɗinka a kan abin da aka riga aka biya shi, ka rubuta takardar koke, gajeriya, da lambarka da ranaku da sunan wanda ka yi magana da shi, ka kai ofishin NHIA na jiharku, kowace jiha akwai, masu ta jiha kuma ku kai hedikwatar hukumarku, a asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM ma mai karɓar koken jama'a. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi, bayan sati ka koma ka tambayi inda aka kwana.